Sharhin Bayan Labarai: A Karanta Adireshi Kafin A Danna



Duk shekarar da kogin Haɗejia ya yi ambaliya ya shanye gonakin shinkafa a Auyo da Kafin Hausa da Guri, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, ba a ɗaukar lokaci sai saƙonni su fara yawo a WhatsApp. Wai gwamnati za ta raba tallafi ga waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, a danna nan a cike fom, a saka lambar BVN da ta NIN. A ƙarƙashin saƙon akwai wani shuɗin layi na haruffan boko da ɗigo-ɗigo a tsakaninsu. Akasarinmu ba ma karanta shi, dannawa kawai muke yi. To, wannan layin shi ne adireshin shafi, kuma yana da tarihi da ƙa'ida da masu kula da shi.

Kwamfuta dai lamba ta sani, ba ruwanta da suna. Don sauƙaƙa wa ɗan Adam aka ƙirƙiro sunayen. A shekarun 1970, lokacin da akasarin kwamfutocin da ke haɗe da juna na jami'o'i da cibiyoyin bincike na Amurka ne, sunayensu duka a fayil guda ake rubuta su, a wata cibiya da ke Kalifoniya, ƙarƙashin kulawar wata mata mai suna Elizabeth Feinler. Mai son a shigar da sunan kwamfutarsa yakan buga wa ofishinta waya a lokacin aiki. Da abin ya fi ƙarfin fayil ɗaya, sai Paul Mockapetris ya fito da tsarin da ake amfani da shi har gobe, a shekarar 1983. Ranar 15 ga Maris, 1985, wani kamfanin kwamfuta ya yi rajistar symbolics.com, sunan farko da ya ƙare da ɗigo com. Shi kuwa Jon Postel, wani masani a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, shi ya riƙa danƙa wa ƙasashe haruffansu biyu-biyu har ya rasu a 1998, shekarar da aka kafa hukumar ICANN da ta gaji aikin. Najeriya ta sami ng, Nijar ne, Ghana gh, Chadi td.

A nan ne rabo ya yi halinsa. Akwai wata 'yar ƙasa a tekun Fasifik mai suna Tuvalu, mutanenta ba su wuce dubu goma sha ɗaya ba, kuma ruwa na cin ƙasarsu kaɗan-kaɗan, abin da ba sai an yi wa mutumin Auyo dogon bayani ba. Haruffan da suka faɗo mata su ne tv, wato daidai da yadda duniya ke taƙaita talabijin. Ta ba wani kamfani hayarsu a kan dala miliyan 50 cikin shekara 12, kuma da wannan kuɗin ta samu sukunin shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 2000. Tsibirin Anguilla shi kuma haruffan ai ya samu, ya yi shekaru ba mai waiwayarsa, sai ga zamanin ƙirƙirarriyar basira ya zo, kowane kamfani yana son sunansa ya ƙare da ai. A 2023 kaɗai tsibirin ya samu kusan dala miliyan 32. Tarayyar Sobiyet ma ta rushe tun 1991, amma haruffanta su na nan ana amfani da su.

Mutanen Mali nasu labarin ya fi ban mamaki. Adireshin sojojin Amurka da mil yake ƙarewa, na Mali kuwa da ml. Harafi ɗaya ne tsakani. A 2023 jaridar Financial Times ta bayyana cewa shekara da shekaru miliyoyin saƙonnin imel da aka nufi sojojin Amurka da su suna ɓacewa zuwa adireshin Mali, saboda masu rubutawa suna mance harafin i. Har da takardun asibiti da jadawalin tafiye-tafiyen manyan hafsoshi. Wani ɗan ƙasar Holan da ke riƙe wa Mali adireshin a lokacin shi ya yi ta jan kunnen Amurkawan. Idan harafi ɗaya zai yi wa ma'aikatar tsaron Amurka haka, ina ga mai ƙaramar waya a ƙauye da ke karatu cikin hasken rana?

Tamu ɗigo ng an ware ta a 1995, amma da farko daga birnin Pisa na Italiya ake sarrafa na'urorinta, yayin da Misis Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba ke matsayin wakiliya a gida. Aka yi ta jayayya kan wanda ya dace ya riƙe ta, har sai da Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki. A 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA, a 2009 kuma ICANN ta miƙa mata ragamar a hukumance.

Ga inda wannan tarihi ke da amfani ga mai sauraro. Adireshi daga ƙarshe ake karanta shi, wato daga dama, kafin karkataccen layin farko da ke biyo bayan sunan. Ɗauki na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, slu.edu.ng. Ng ta ce Najeriya, edu ta ce babbar makaranta, slu kuma sunan jami'ar. Haka na Jami'ar Tarayya ta Dutse, fud.edu.ng, da na hukumar jarrabawa, jamb.gov.ng, da na gwamnatin jiha, jigawastate.gov.ng. Shi gov.ng ba a sayar wa kowa da kowa. Sai hukumar gwamnati, kuma sai da amincewar NITDA, hukumar da ɗan Haɗejia, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya fara shugabanta a 2019. Ɗan damfara ya san ba zai samu wannan ba, don haka sai ya yi dabara: ya sa kalmar gov ko Nigeria ko sunan wata hukuma a farko ko a tsakiya, ya haɗa da gajeren layi, ya liƙa tambarin gwamnati da hoton shugaban ƙasa, amma can ƙarshe sai ka ga com ko xyz ko wasu haruffa da ba ka taɓa gani ba. Wannan ƙarshen kowa na iya saye da 'yan kuɗi kaɗan, a daren yau, daga ko'ina a duniya.

Ba muna cewa duk adireshin da ya ƙare da com na ɓarayi ba ne. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa da shi suke aiki. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya ce maka shi gwamnati ne, to ya nuna gov.ng. Kuma a nan hukumomi ma suna da nasu laifin. A 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa ma'aikatu aiki da adireshin gwamnati, amma har yanzu akan ga sanarwar hukuma ɗauke da imel ɗin Gmail na wani jami'i. Ofishin da ke yin haka shi ke koya wa talaka yarda da kowane irin adireshi.

Sai batun mallaka. Sunan shafi kamar rumfa ce a kasuwar Haɗejia: haya kake biya duk shekara, wanda ya riga zuwa shi ke kamawa, ranar da ka daina biya kuma wani ya shimfiɗa kayansa. Manya ma sun sha tuntuɓe a nan. A 2015 wani tsohon ma'aikacin Google, Sanmay Ved, ya sayi google.com a kan dala 12, ya riƙe shi na kimanin minti ɗaya kafin kamfanin ya farga. A ɗaya gefen kuma, a 2019 an sayar da voice.com dala miliyan 30. Abin lura ga mu Hausawa, tsarin tun asali haruffan Ingilishi 26 da lambobi da gajeren layi kawai ya sani, shi ya sa Haɗejia ke rasa lanƙwasar ɗ ɗinta a adireshi, duk da cewa tun 2010 Masar da Saudiyya suka samu nasu da rubutun Larabci.

Yankinmu kuwa yana da abin nunawa. Ga aikin noman rani na kwarin Haɗejia da ke Auyo, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a farkon 2023, ga shinkafa da alkama, ga kifin da ake lodi zuwa kudu. Amma mai saye a Legas ko Fatakwal da ya nemi shinkafar Auyo a intanet, yawanci dillali zai tarar, ko shafin Facebook na wani da ba a san ko wane ne ba. Shafin Facebook na kamfanin Facebook ne, yana iya rufe shi ba tare da ya yi shawara da kai ba. Rajistar suna a ƙarƙashin com.ng ko org.ng kuwa, kuɗinta na shekara bai kai na buhun taki ɗaya ba, kuma da naira ake biya.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin manoma da na masu amfani da ruwa, da masu casar shinkafa, da dillalan kifi, da makarantun Islamiyya masu neman gudummawa, su nemi 'ya'yansu da suka karanci kwamfuta su yi musu rajista ta hannun wakilan da NiRA ta amince da su. A yi ta da sunan ƙungiya da lambar wayar ƙungiya, kada a yi da sunan yaron da ya taimaka, a kuma rubuta ranar sabunta biya a littafin sakatare. Ƙananan hukumomin masarautar Haɗejia su ma kowace ta tabbatar tana da adireshinta na gov.ng mai aiki, ta riƙa sanar da shi a wannan gidan rediyo.

Mu kwana nan.