Sassaucin Lanho: Wa Ake Rage wa Kaya?

A Sabon Garin Maraɗi, tela da makaniken babur da mai awon hatsi ba su san wani abu wai shi sassauci ba a zancen lanho. Patanti bisa ciniki ake ƙiyasta shi, ba bisa riba ba. Ko damina ta yi gardama, ko Najeriya ta rufe iyakarta kamar yadda ta yi a 2019 har kasuwa ta kwanta, takardar biya ba ta fashi. Malamin makaranta kuwa ba a ma tambayarsa: tun albashi bai iso hannunsa ba an cire nasa.

To, wa ake rage wa? Kasafin kuɗin 2018 ya ba da amsa. Dokar da ta ɗora wa magidanta harajin mazauni, ita ce kuma ta soke harajin da kamfanonin salula ke biya kan kiran da ke shigowa daga ƙetare. Da ƙungiyoyin farar hula suka yi ta zanga-zanga a Yamai, sai aka kama Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika a watan Maris na shekarar, suka kwashe wata huɗu a tsare.

Hujjar masu mulki ba ta sauyawa: wai in an sassauta wa mai babban jari, zai samar da aiki. Telan da ke koya wa yaran unguwa ɗinki fa, ba aiki yake samarwa ba? Haka manomin rani na Jiratawa. Sai dai su ba su da akanta mai tsara musu takardun neman rangwame, balle wanda zai shiga ofishin ministan kuɗi da yawunsu lokacin da ake rubuta kasafi.