Filin Kimiyya da Ƙere-ƙere: Ƙaramin Jirgin Sama Mai Sauka da Ƙugiya

 A wannan wata za mu leƙa ƙasar Amurka, inda ake wata gasa ta ƙananan jiragen sama waɗanda mutum ke ƙerawa da hannunsa, ya kuma tuƙa su yana tsaye a ƙasa. Shi irin wannan jirgi tsawon fikafikansa wajen mita ɗaya ne, amma yana da inji da farfela na gaske. Ana ɗaure shi da siraran wayoyi masu tsawon ƙafa 60, wato wajen mita 18, matuƙi kuwa yana tsakiyar fili riƙe da mariƙi, jirgin na kewaya shi. Wani Ba'amurke mai suna Jim Walker ne ya yaɗa wannan wasa tun wajen 1940.

A farkon shekarun 1950, lokacin da rundunar sojan ruwan Amurka ke karɓar baƙuncin babbar gasar ƙasar, aka shigo da wani reshe mai kwaikwayon saukar jirgin yaƙi a kan katafaren jirgin ruwa. Akan kafa dandamalin katako a gefen da'irar, a gitta masa igiyoyi waɗanda aka ɗaure bakinsu da buhunan yashi. Jirgi zai tashi daga kansa, ya yi zagaye 7 da iyakar gudunsa, ya sake yin 7 a hankali iyakar iyawarsa, sa'an nan ya sauka ya kama igiya da ƙugiya. Ɗalibai su gwada lissafin: kewayen da'irar ƙafa 377 ne, sau 7 kuwa ya ba da kusan rabin mil cif.

To, a nan gizo ke saƙa. Kowa na iya sayen inji mai ƙarfi ya yi gudu, amma maki na ƙaruwa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin gudun farko da na biyu. Saboda haka wanda zai mai da jirgin wasa na yau da kullum ya zama na wannan gasa, yawancin aikinsa shi ne koya wa jirgin tafiyar hawainiya.

Da farko zai ƙara waya ta uku. Biyu na asali suna ɗaga leɓen wutsiya ne ko su sauke shi, domin hawa da sauka, ta ukun kuwa ita ke riƙe da totur. Bayan haka sai matsalar sakwarkwacewar waya, domin da zarar gudu ya ragu wayoyin sukan saki, jirgin da wayarsa ta saki kuwa ba ya jin umurni. Maganinta shi ne a sa 'yar darma a bakin fiffiken waje, a karkata wutsiya yadda hancin jirgin zai riƙa neman wajen da'ira. Waɗansu har sukan yi dabarar da mafitar wayoyin za ta zame baya idan an rage totur, jirgin ya ƙara juya hanci waje.

Sai ƙugiya. Jikin jirgin da itacen balsa ake yinsa, mai sauƙi kamar ɓargon kara, ba zai iya ɗaukar fizgar tsayawa farat ɗaya ba. Dole a kafe gindin ƙugiyar a katako mai ƙwari, a ƙarfafa ƙafafun sauka. Wanda ya yi sakaci a nan, aikin makonni zai rabe biyu a gaban alƙalai.

Fenti ma ba ado kaɗai ba ne. Man da injin ke sha haɗin methanol ne da man zurma, kuma yana cin fenti na banza ya jiƙe itace, don haka sai an bi ko'ina da fenti mai jure mai, musamman kewayen inji. Amma kowane shafi nauyi ne, jirgi mai nauyi kuwa ba ya iya tafiya a hankali ba tare da ya faɗo ba. Gwanaye sukan shafa kaɗan, su goge da samfefa, su sake shafawa. A waɗansu rukunan gasar akwai ƙarin maki ga jirgin da ya yi kama da na gaske, irin su Martin MO-1 ko Grumman Guardian, da launinsa da tambarin sojan ruwa.

Ranar gasa, bayan duk wannan wahala, sauka mai tsabta a karon farko ita ke kawo maki 100. Wanda ƙugiyarsa ta tsallake igiyoyin sai ya sake zagayowa, makinsa na raguwa. Shi ya sa masu wannan wasa sukan ɓata lokaci wajen gwajin sauka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.