Ɗan Benci Ma Yana Da Labari

Makon nan ƙorafi muka zo da shi.

A gidajen kallon ƙwallo na Haɗejia, idan ana so a wulaƙanta ɗan wasa sai a kira shi ɗan benci. Wannan rainin ya tsallako har cikin labaran da ake turowa zauren nan. Jarumi ɗan gwamna ne, ko likitan da ya dawo daga Ingila, ko attajiri ɗan shekara 27. Kowa tauraro, babu mai jiran layi. Mu dai mun ƙoshi da wannan tuwon.

Bari mu ɗauko misali daga nesa. A gasar ƙwallon Amurka ta NFL akwai ƙungiyoyi 32, kowacce da mai jefa ƙwallo guda ɗaya a fili, wanda suke kira kwatabak. Shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya. A bayansa akwai na'ibi, wanda dole ya haddace dabarun wasa kaf, ya yi atisaye kullum, alhali kaka guda tana iya wucewa ba a fara wasa da shi ba. Chase Daniel ya shafe fiye da shekara goma a wannan matsayi, wasa biyar kacal aka fara da shi. Nick Foles kuwa yana benci a ƙungiyar Philadelphia Eagles har Disamba 2017, lokacin da Carson Wentz ya ji rauni a gwiwa. A Fabrairu 2018 ya jagorance su suka doke New England Patriots da maki 41 da 33 a wasan ƙarshe, aka ba shi kyautar gwarzon wasan. Da Wentz ya warke, sai Foles ya koma bencinsa.

A gida ma muna da irinsu. Mai tsaron gida Austin Ejide ya je gasar cin kofin duniya sau uku da Super Eagles, a 2002 da 2010 da 2014, bai buga ko minti ɗaya ba. Vincent Enyeama da ya tare masa hanya, shi ma daga benci aka ɗauko shi a 2002, ya hana Ingila cin ƙwallo aka tashi babu ci.

Za ku ce mai karatu nasara yake so, ba zai ɓata data a kan mai zaman jira ba. Ba mu yarda ba. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne rikicin zuciya, kuma na ɗan benci ya fi na tauraro nauyi. Ranarsa ba za ta zo ba sai abokinsa ya karye. Tare suke cin abinci, yana yi masa fatan alheri, amma rabonsa yana cikin ciwon wancan. Me yake ji idan ya ga abokin ya faɗi yana riƙe da gwiwa? Me yake gaya wa matarsa idan ta tambaye shi yaushe za a gan shi a talabijin? Wane ɗan gwamna ne a labaranku yake ɗauke da irin wannan kaya?

Ba sai kun san ƙwallo ba. Ku dubi fadamar kogin Haɗejia. Mai kwalekwale a yankin Guri ko Kiri Kasamma yana toshe ɓarakar jirginsa da rani, masu babura suna wuce shi da ƙura. Da ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi, wa aka nema? Ga na'ibin liman da ya tsufa a sahun farko. Ga yaron mota da ya fi ubangidansa iya tuƙi amma ba a ba shi sitiyari. Ga ɗan sarki da furfura ta riske shi yana jiran gado.

Gargaɗi ɗaya: kada ku yi masa rufa-rufa da "mahaƙurci mawadaci", ku ɗora shi kan kujera a shafin ƙarshe. Foles ya samu ranarsa, Ejide bai samu tasa a kofin duniya ba, kuma irin Ejide sun fi yawa. Ku rubuta wanda ya yi shiri shekara ashirin, kiran bai zo ba, gobe kuma da asuba zai sake ɗaura takalmi.

Aikin makon nan: gajeren labari da bai wuce kalma 1,000 ba, jaruminsa mai jiran layi. A ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu kafin daren Juma'a. Wanda ya kawo mana ɗan gwamna, shi za mu ajiye a benci.