"Kana koyon aiki" ba albashi ba ne

Shekara biyar a Kongo, ɗaya a Law School ta Bagauda ko Bwari, ɗaya bautar ƙasa. Bayan shekara bakwai, yaro ya zama lauya, sai wani babban lauya ya ɗauke shi ya riƙa ba shi abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Ya yi magana, a ce "ai kana koyon aiki". Haba jama'a! Koyon aikin ne zai biya masa kuɗin mota daga Kamazou zuwa kotu a cikin gari? Masu kare haƙƙin mutane su ke danne na ƙannensu. NBA, wannan abin kunya ne wallahi.

Ku kuma ɗalibai, kar ku ɗora rayuwarku kan ofishin wani. Nan Kamazou kullum ana cinikin fili, ana rigima a kai. Tun kuna makaranta ku naƙalci takardun KADGIS, yarjejeniyar haya da rajistar CAC. Wanda ya iya waɗannan, ba mai raina masa hankali da kuɗin kati.