Motar da ke ƙin tashi da safe: A auna kafin a sayi kayan gyara

Da hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, turin mota da sassafe ya zama ruwan dare a Garbadu da sauran garuruwan Talata Mafara, Bakura da Maradun. Mutane kan ɗauke shi abin raha, amma asarar da ke ciki babba ce. Motar da ta ƙi tashi ranar Talata ta sa manomi ya makara kasuwar Mafara da buhunan shinkafar da ya noma a Bakolori. Ita ce kuma ake dogaro da ita in naƙuda ta kama mace da asuba. A yankin da 'yan bindiga suka sa kowa ke son kammala tafiyarsa kafin rana ta faɗi, awa biyun da aka ɓata ana turi na iya jefa fasinjoji cikin tafiyar dare.

Babbar matsalar ita ce gyaran canki-canka. Yau a sauya filogi, gobe famfon mai, jibi batir, motar kuma tana nan yadda take. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin riƙe mota ya yi tashin gwauron zabi, direba ba shi da rarar da zai yi ta gwaji da ita. Alhali motar da kanta tana nuna inda ciwon yake, in an saurare ta.

Idan aka murɗa makulli injin ya riƙa juyawa da ƙyar, fitilun gaban direba suna dusashewa, a fara da batir. Cikakken batir da ya kwana yana nuna kusan volt 12.6 a mita. In ya sauka zuwa 12.2, rabin cajinsa ya tafi, in kuma ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da ake tayarwa, ya gaji. Zafin Maris da Afrilu, da kan wuce digiri 40, shi ke cinye batir a hankali, sanyin hunturu kuma ya tona asirinsa, domin sanyi na rage ƙarfinsa, bakin mai kuma ya yi kauri.

Kafin a sayi sabo, a duba kan batir. Farin garin da ke taruwa a wurin, ko wayar da ta saki, sun isa su hana wuta wucewa. A kuma auna altaneta injin na aiki: ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Altanetan da ba ya caji zai kashe sabon batir kamar yadda ya kashe tsohon. In duka lafiya amma batir na mutuwa cikin dare, a cire wayar da ke kan alamar ragi a bar ta ta kwana haka. Idan ta tashi lafiya da safe, akwai abin da ke shan wuta a ɓoye, kamar rediyo ko cajar waya da aka jona ba daidai ba.

Idan ƙara ɗaya aka ji, ƙwas, fitilu na haske sosai amma injin bai motsa ba, zargi ya koma kan kik ko wayoyinsa.

Idan kuwa injin na juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, matsalar mai ce, ko wutar filogi, ko iska. A murɗa makulli har fitilu su kama ba tare da an tayar ba, a jira daƙiƙa 3, a maimaita sau uku. In ta tashi nan take, mai ne ke komawa tanki cikin dare, sai a duba famfo da nozul. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, man bumburutu da ya kwana a jarka kuma kan zo da ruwa da datti. Ba a manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022 ba, wanda ya lalata injunan motoci a Legas da Abuja. Masu motar man gas kuma su fara da duba hita.

Akwai ɗabi'un da ya kamata a bari. Danne makulli fiye da daƙiƙa 10 na ƙona kik. Zuba fetur ta bakin iska na iya tayar da gobara. Tsohon batir kuma dalma ce a cikinsa, gubar da ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010. Kada a fasa shi a gida, kada a bar shi inda yara ke wasa.

Mitar auna wuta ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba. Ya dace shugabannin NURTW su ajiye ta a kowace tasha, su kuma sa direbobi su auna batir tun a Nuwamba, kafin sanyi ya sauka. Ƙungiyar makanikai ta NATA na iya haɗa kai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara don shirya gajeren horo ga yaran gareji kan amfani da mita da na'urar binciken mota. Shi kuma mai mota, duk makanikin da ya ce masa a sayi sabon abu, yana da haƙƙin ya ce a nuna masa awon da aka yi kafin ya fitar da kuɗinsa.