Zauren Baba ya zama shago, ɗakin Gwaggo ya zama na haya

Maganar wannan mako ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba, domin da yawa a cikinmu magada ne, wasu kuma dillalai. A yi haƙuri, amma sai mun faɗa.

Duk wanda ya tashi a Kaura ya san haya ba baƙuwa ba ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso garin a 1929, nan ya zama ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ya biyo ta Gusau, ake saukar baƙi: ma'aikatan reluwe, masu awon gyaɗa da auduga, fatake. Da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983, ɗalibai suka ƙaru a kai. Amma waccan hayar da shiri aka yi ta. Mutum zai gina gida don haya, ya san yawan ɗakunansa, ya haƙa masai daidai da mutanen da za su zauna.

Abin da muke gani yau a Kaura da Shinkafi da Zurmi daban ne. Maigida ya rasu, kafin a yi sadakar arba'in an kira magini. A toshe ƙofar turaka a fasa wata ta lungu, a raba ɗaki ɗaya biyu da bulo, madafi ya zama ɗaki, garken awaki ma a ɗora masa kwano ya zama ɗaki. Zauren da ake karatun dare, ake ɗaurin aure, ake sasanta ma'aurata, a sa masa ƙofar ƙarfe a ba mai cajin waya. Gidan da iyali ɗaya suka rayu a ciki ya koma na iyali shida ko bakwai, amma masai ɗaya ne, rijiya ɗaya, makwarara ɗaya, ita ma wadda Baba ya haƙa tun yana saurayi.

Su wa ke shiga? Mun san su. Mutanen ƙauyukanmu ne da 'yan bindiga suka tasa, wasu daga wajen Kware da Badarawa, wasu daga Dauran, wasu tun harin watan Yunin 2021 da aka kai Kadawa da ƙauyukan kusa da ita ba su koma ba. Mafi yawansu ba sansani suka tafi ba, cikinmu suka shigo. Su ne dā suke kawo mana gero da dawa, su muke kai wa yara hutun kaka. Yau mutumin da ya bar rumbu cike ya gudo da tabarma, shi ake ce wa ya kawo kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali a sama, a kan ɗakin da akuya ta kwana a ciki bara.

Za a ce magada ma talakawa ne, gonar gado ba ta zuwuwa, babbar kasuwar Shinkafi ba kamar dā ba, hayar ce abincinsu. Gaskiya ne, kuma ba da gwauruwar da ta ba da ɗaki ɗaya don ta ciyar da marayu muke ba. Da waɗanda suka tare a Gusau da Kaduna da Abuja muke, waɗanda rabonsu da lungun tun ranar jana'iza, sai dai ƙarshen shekara waya ta yi ƙara kuɗi ya shigo. Masai ya cika, ba su sani ba. Ruwan wanka ya kwanta a lungu yana cin gindin katangar maƙwabci, ba su gani ba. Damina ta zo, amai da gudawa ya ɓarke, yara su cika gadajen da likitocin MSF ke kula da su a asibitocin Shinkafi da Zurmi, su suna can. Riba tasu, wari da sauro da jinya namu.

Akwai kuma wadda ba a maganarta. A gidan gado na dā akwai ɗakin da ba na kowa ba kuma na kowa ne: nan 'yar gida ke sauka idan aure ya mutu, nan take zuwa wankan jego, nan Gwaggo ke ƙarasa tsufanta. Shari'a ta ba mace rabonta, ta ba matar mamaci tumunin takaba, kuma mu a Zamfara mu ne muka fi kowa bugun ƙirji da shari'a tun 1999. To ina rabon yake idan yayye maza sun haɗa baki da dillali, sun ba da gidan gaba ɗaya, sun ce "za a riƙa ba ki naki"? Wata ta ga kuɗin shekarar farko, daga nan shiru. Ranar da mijinta ya sake ta, ta zo gidan ubanta ta tarar da kwaɗon wani a ƙofar ɗakin da aka haife ta.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne idan an yi sata ko an ɗauke wani a unguwa, bakin da ya karɓi kuɗin hayar shi ne zai fara cewa baƙin nan akwai infoma a cikinsu. Wa ya saka su ba tare da ya tambayi sunan mai garinsu ba? A dā baƙo ba ya kwana a unguwa sai mai unguwa ya sani. Dillali ya rushe wannan don kada ciniki ya ɓaci, sannan a bar bayin Allah da zargin da a wannan zamanin yana iya cin ran mutum.

Ba cewa muke a kori kowa ba. Ina za su? Cewa muke duk gidan da zai ɗauki iyali fiye da biyu, masu shi su ƙara masai su gyara makwarara kafin su karɓi sisi, kuma duba-gari na ƙaramar hukuma su shiga su gani da idonsu, ba su tsaya a bakin kasuwa suna karɓar na goro ba. Masu unguwanni su buɗe littafi: sunan ɗan haya, garinsu, wanda ya tsaya masa. Wanda ya gudo daga ƙauye a karɓi nasa wata-wata. Alƙalai da malaman da ke rabon gado kada su sa hannu sai an kira matan gidan an ji ta bakinsu, a kuma ware ɗaki ɗaya da ba za a taɓa ba da shi haya ba.

Muna roƙon hakimai da masarautun Kaura da Shinkafi da Zurmi su tara masu unguwanni a kan wannan kafin damina ta sauka. Ku kuma 'yan uwa da ke karanta mu daga birni, ku kira gida yau ku tambaya mutum nawa ke kwana a gidan mahaifinku, kuma a wane ɗaki ƙanwarku za ta sauka idan ta zo.