Jan Kunne Ga Mai Niyyar Zuwa Maraɗi

Sa'ad da kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, mutanen Kankiya da na Kusada su kan shiga tafiye-tafiye, gama a lokacin ne hannu ke da ɗan abin riƙewa. Daga cikin garuruwan da su kan nufa har da Maraɗi. Wani biki ne ke kai shi, wani ta'aziyya, wani sayen rago ko aya ko atamfa, wani kuwa ziyarar kaburburan waliyyai da ke bakin tafkin Madarunfa. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce. Daga Kankiya zuwa birnin Katsina kamar mil 40 ne, daga Katsina kuma a bi ta Jibiya, a ƙetare a Magama, a wuce Ɗan Isa, kamar mil 60 sai ga Maraɗi. Mai sammako ya kan yi azahar a can, ya kwana biyu ko uku ya komo. To, wannan kusanci shi ne abin da ya kamata a ja kunnen matafiyi a kansa.

Mai zuwa Kumasi ko Makka ya san shi baƙo ne tun bai bar ƙofar gidansa ba. Ya kan nemi takardu, ya tambayi waɗanda suka riga shi zuwa, ya bar wasiyya. Amma mai zuwa Maraɗi ba ya ganin abin da zai tuna masa baƙunci. Hausar da ya bari a gida ita zai tarar, sai ɗan bambancin lafazi. Tuwo ɗaya, fura ɗaya, gaisuwa ɗaya, har agogon ƙasashen biyu ɗaya ne. A dā direba ya kan san ya ƙetare, domin a Nijeriya hannun hagu a ke bi, a ƙasar Faransi kuwa hannun dama. Tun 1972 Nijeriya ta koma dama, wannan alama ma ta kau. Har wa yau a 2025 hukumar Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa. Saboda haka sai mutum ya saki jiki kamar Dutsin-Ma ya je cin kasuwa, alhali kuwa yana ƙarƙashin wata tuta, da wata shari'a, da jandarman da ba su san hakiminsa ba.

Ba a ce zumuncin ƙarya ne ba. Sa'ad da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta na dā suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau a ke ce wa sarkin garin Sarkin Katsinan Maraɗi. An sha gwabzawa a tsakani, musamman a zamanin Ɗan Baskore da mahayansa ke kawo hari cikin ƙasar Katsina, an kuma yi auratayya da ciniki. Sa'an nan Ingila da Faransa suka daidaita a kan iyaka a 1906, Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji suna kafa alamu har guda 148, daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi, suka gama a 1908. Ba su shawarci Bakatsine ko ɗaya ba, wannan gaskiya ne, ana kuwa iya faɗarta a zaure har dare ya raba. Amma ma'aikacin da ke tsaye a Ɗan Isa ba tarihi aka sa shi tsaro ba. Takarda zai tambaya.

Maganar takarda kuwa ta sake tsanani a 'yan shekarun nan. Tun 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka yarda ɗan kowace ƙasa a cikinsu ya shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba biza, in dai yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Jama'a suka ji rabin maganar, watau ba biza, suka manta da sauran rabin. To, ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar, a cikin watan nan kuma hukumar Nijar ta kafa sabuwar doka mai tsanani a kan shigar baƙi da zamansu. Abin da a dā a kan kau da kai a kansa don an saba, yanzu yana iya kwanar da mutum a ofishin 'yan sanda. Wanda ya yi niyya, ya fara zuwa ofishin shige da fice a Katsina ya tambayi takardar da a ke karɓa a wannan mako, ya kuma riƙe katin allurar shawara. Labarin wanda ya je bara ba hujja ba ne.

Ƙofar kanta ba kullum ta ke buɗe ba. An rufe ta a 1984 sai 1986 aka buɗe. An rufe a watan Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan da soja suka kifar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai Maris 2024. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi wa talaka sanarwa ya kintsa. Wanda ya tafi da guzurin kwana biyu cif, ba ragowar ko sisi, ya jingina komowarsa a kan abin da ba shi da iko da shi. Jakadan Nijeriya kuwa a Yamai ya ke zaune, tafiyar mil 400 daga Maraɗi.

A nan ne mai gardama zai ce: takarda kuɗi ce, shingaye sun yi yawa tsakanin Katsina da Jibiya, kowane shinge da hannu a miƙe, ga kuwa ɗan acaɓa zai ratsa da mutum ta gonaki da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Kukan nan yana da tushe, laifin yawan shingen kuma na hukuma ne, ya kamata ta ji kunyarsa. Amma a auna. Wanda ya bi ƙofa ya yi hasarar kuɗi da rabin yini, sunansa kuwa ya shiga littafi, in ya ɓata akwai inda za a fara cigiya. Wanda ya ratse ta daji ya shiga ƙasar mutane a matsayin mai laifi, ko an zalunce shi a can ba shi da bakin kai ƙara, gama tambayar farko ita ce ta ina ya shigo. Dajin ma ba na jiya ba ne. Barnar 'yan bindiga a ƙasar Jibiya da Batsari da Safana ba ɓoyayya ba ce, ta kuma taɓa ƙauyukan Madarunfa a wancan hayi, kuma tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. An yi sulhu a Jibiya a 2025, amma sulhu da wanda bindigarsa ke kafaɗa ba ya sa a yi tafiyar dare. A tashi bayan gari ya waye sarai, a shiga mota a tasha, a tabbata la'asar ta yi wa mutum a inda zai kwana.

A tashar ne kuma wani zai matso da ɗan ƙunshi, ya ce don Allah a miƙa wa ƙanensa a Maraɗi. Kunya ta hana a ƙi, ta kuma hana a kwance. In ƙwayoyin Tramadol ne a ciki, mai riƙe da kaya shi ne mai kaya a wurin ma'aikacin kwastan, mai saƙo kuwa ya daɗe da ɓacewa.

Lissafin kuɗi ma yana da tarkonsa, ko da ya ke wannan ya fi kusa da abin dariya. Mutanen Nijar ba da sefa ɗai-ɗai su ke ƙidaya ba, da dala su ke yi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai rago ya ce dala ɗari, sefa 500 ya ke nufi. Jaka a bakinsu sefa 1,000 ce, a Katsina kuwa jaka naira 200 ce. Kalma ɗaya, awo biyu. Wanda ya sallama ciniki bai gane wannan ba zai ga kamar an cuce shi, ya ɗaga murya, jama'a su taru, alhali ba wanda ya yi masa ƙarya.

Fataken dā sun fi matafiyan yau sanin wannan sha'ani, su da ba su taɓa ganin fasfo ba. Ayari ba ya tashi sai da madugu, ba ya sauka a gari sai a gidan mai masauki sananne. Mai masauki shi ke ba da ɗaki, shi ke ajiye dukiya, shi ke samo dillali, in rigima ta tashi kuma shi ke shiga gaba zuwa fada ya ce baƙona ne. Wannan al'ada ba ta mutu a Maraɗi ba, gari ne na alhazai 'yan kasuwa da suka gaji saukar baƙi. Abin da ya mutu shi ne kulawar matafiyi da ita, tun da mota ta sa a ke ganin za a je a komo ba sai an nemi kowa ba. Dokar 2025 ma ta ɗora wa mai saukar da baƙo, ko da kyauta ne, ya sanar da 'yan sanda. Ke nan wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa da dare ba takarda, ya jawo masa abin da bai nema ba, a gidansa, a gaban iyalinsa. Ladabin zumunci a yau shi ne a aika tun da wuri, a ce ga ranar zuwa, ga yawan mutane, ga ranar komowa.

Da an sauka kuma sai a kama baki. Tun 2023 akwai tsami tsakanin gwamnatocin biyu, ƙasar kuwa soja ke mulkinta. Hirar siyasa da a kan yi a teburin mai shayi a Kankiya, a zagi wanda aka ga dama a tashi lafiya, ba a ɗauke ta a kai bakin kasuwar Maraɗi. Samari masu ɗaga waya a kan kome su sani barikin soja da shingen jandarma ba wuraren ɗaukar hoto ba ne.

Mafi abin tausayi su ne mata da a kan cika mota da su zuwa biki, da yaran da a kan damƙa wa direba a ce ya sauke su wurin malam. Yawancinsu ba su da takarda ko ɗaya, ba su kuma san sunan unguwar da za su ba, sai wanda ya jagorance su ne ya sani. In aka tsare shi, ko mota ta lalace aka rarrabu, shi ke nan. A nan ne hakiman Kankiya da Kusada da dagatansu da limaman Juma'a ke da aiki, domin maganarsu na isa inda jarida ba ta isa. Su faɗa wa magidanta cewa kowace mace da kowane yaro da zai ƙetare, a rubuta masa sunan mai masauki da unguwarsa da lambar wayarsa, ko da ajami ne, a sa masa a aljihu ko a ƙulle a bakin zane, a kuma bar irin wannan takarda a gida wurin mai unguwa.